Almakashin Dita

Zulmira ce ta yanka sanfefa, takardar yashin nan ta goge katako, da almakashin matata. Sau goma sha biyu, da hannunta, a ɗakin bayan coci inda mata suke taruwa ɗinkin bargon ƙyallaye. Ban sani ba sai bayan wata guda.

Sunana Anacleto. Shekara hamsin ina washin wuƙaƙe da almakasai a garin nan, da kekena da dutsena da usur ɗina. Mahauta sun san ni, masu aski sun san ni. Ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Matata Dita ce ta tara matan nan, tun suna su huɗu a barandar gidanmu. Kowace ta kawo ragowar yadi, ko tsohuwar riga, ko buhun fulawa da aka wanke. A yanka, a haɗa, a yi bargo, a kai gidan tsofaffi kafin Yuni, lokacin da ake sanyi a wajenmu. Dita ce mai yanka. Almakashinta baƙi ne, mai nauyi, ni na saya mata shekarar da muka yi aure. Ta ɗaura masa jan ƙyalle a kunne, kuma kowa ya san ma'anarsa: yadi kawai. Na taɓa ɗauka zan yanke farce. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Da ta rasu na kai musu shi. Na ce ban da takarda, ban da kwali, kuma kada kowa ya taɓa bakinsa sai ni. Zulmira ce ta karɓa. Ita ta riƙe ɗanmu ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata comadre, tana ce mini compadre. Shekara talatin tana zama kusa da Dita. Ta san jan ƙyallen.

Bara suka yi sabuwar shugaba, Dona Ivone, tsohuwar shugabar makaranta da ta dawo daga birnin Belo Horizonte. Duk wata tana buga musu takardar shawarwari da take tsintowa a waya. Wasu ba laifi. A wanke sabon yadi kafin a yanka don kada ya tsuke. A goga zare a jikin kyandir don kada ya harɗe. A yi zane da guntun sabulu. Dita ta san duk wannan ba tare da takarda ba.

A watan Mayu na fara ganin canji. Na busa usur a layin gidan burodi, inda mata uku suke fito mini da almakasai tun ina da baƙin gashi. Ba wadda ta fito. Ɗaya ta leƙo ta taga ta koma.

Valdir mahauci ne ya fasa mini. Ina wasa masa wuƙa, ya jingina da ƙofa yana dariya.

"A hankali dai, Seu Anacleto. An ce yanzu dutsenka cin ƙarfe yake kamar alade ya samu masara."

"Wa ya ce?"

"Takardar matan coci. Matata ta manna ta a jikin firji."

Na ce ya kawo. Karatuna ba sauri, da yatsa nake bi. Na bi sau biyu. Shawara ta biyar: a rage kai almakashi wurin mai dutse, dutse yana kashe kaifi, mun ga abin da ya samu almakashin marigayiya Dita. Ba a sa sunana ba. Mai dutse ɗaya ne a garin nan.

Ranar Alhamis ƙarfe biyu na jingine keke a bangon coci na shiga. Su goma sha ɗaya ne. Kofi a kan tebur, da faranti na burodin cuku. Rabin bargo a shimfiɗe, shuɗi da rawaya, sauran yadin a ninke ba a yanka ba.

"Seu Anacleto!" in ji Dona Ivone. "Zo ka zauna, kofi da zafinsa."

"Ba kofi ya kawo ni ba. Ina almakashin?"

Wata tsohuwa da ake kira Dona Cida ta ce, "Yau za a yi ta." Aka yi mata tsawa, ta ci gaba da taunarta.

Zulmira ta ciro shi daga aljihun tebur. Ba ta dube ni ba. Na ɗauki guntun yadi na sa masa. Bai yanka ba. Ya tauna, ya ninke yadin tsakanin bakunansa. Almakashin da Dita take tura shi cikin yadi ba sai ta buɗe ta rufe ba.

"Ka gani ko?" in ji Dona Ivone. "Ba don cin fuska na rubuta ba. Ƙarfe ne, an wasa, an wasa, ya gaji."

"A Fabrairu na wasa shi. Ya yanka a Maris?"

"Ya yanka."

"Afrilu fa?"

Ta kawar da kai.

Na kai shi taga na buɗe shi gaba ɗaya. Dutsena ba ya taɓa cikin almakashi, gangaren waje kawai nake wasawa. Amma cikin nasa duk karce ne, layi a kan layi, kamar an ja shi a titi. Na ciro sukudireba daga aljihu na kwance ƙusar tsakiya, na raba shi biyu, na buga a kan farin yadi. Jan yashi ya zubo, ɗan kaɗan, amma kowa ta gani.

"Dutsena toka-toka ne," na ce. "Wannan ja ne. Wa ta yanka sanfefa da shi?"

Dona Cida ta ce, "Ni dai haƙoran roba gare ni, amma idona nawa ne. Na ga abin da na gani."

"Ni ce, compadre," in ji Zulmira.

Da wata ce, da na yi ihu. Ita ce, sai na tsaya ina kallonta.

"A takardar Afrilu aka ce in an yanka sanfefa sau goma almakashi yana ƙara kaifi," in ji ta. "Ranar muna sauri. Na ce bari in gwada, in hutar da kai hawan tudu. Na yi goma, ya ƙi. Na ƙara biyu."

"Jan ƙyallen yana nan a kunnensa lokacin?"

"Yana nan."

"Kuma aka buga cewa ni ne, kina zaune."

Ta sa gefen rigarta a ido. Ban ce ta daina ba.

Dona Ivone ta gyara tabarau. "To, an gane. Kuskure ne, kowa yana yi. Mu duba gaba, Seu Anacleto. Barguna shida muka yi wa gidan tsofaffi alkawari kafin bikin Santo Antônio na watan Yuni, huɗu muka gama. Sauran almakasanmu ƙanana ne, ba sa cin yadi ninki huɗu. Ka gyara mana wannan. A takardar Yuni zan cire maganar dutse, kamar ba a taɓa yin ta ba."

"An yi ta. Tana jikin firjin Valdir."

"To me kake so?"

"Ki rubuta. Sanfefa ce ta kashe shi, ba dutse ba. Shawarar Afrilu ƙarya ce. Layi biyu."

"Haba, Seu Anacleto. Ka tausaya wa comadrenka, a buga ta a takarda?"

"Ban ce ki sa sunanta ba. Nawa ma ba ki sa ba, kuma ya isa inda aka aike shi."

Dona Cida ta yi dariya har ta ƙware.

Fuskar Dona Ivone ta yi ja. "Gida arba'in ake karanta takardar nan. In na rubuta cewa na ba su shawarar banza, wa za ta ƙara yarda da ita? Zan faɗa da baki, a nan, yanzu. Jama'a, ba laifin Seu Anacleto ba ne. Shi ke nan?"

"A gida arba'in kika ɓata ni. A ɗaki ɗaya za ki wanke ni?"

"Ba zan rubuta ba."

Na mayar da ƙusar, na ɗaure. Na nuna musu faɗin bakin a kan babban yatsana. Shekara arba'in da ɗaya ina cire masa kaɗan-kaɗan, kamar mai aske gashin jariri, don ya daɗe. Kafin a fitar da karcen nan sai an ci ƙarfe da yawa. Abin da ya rage masa washi ɗaya ne. Ɗaya. Bayansa sai rataya a bango. Na faɗa musu haka.

"To ai ga amfaninsa ya zo," in ji Dona Ivone.

"Don wata mai zuwa wayarki ta ce a yanka gwangwani?"

Zulmira ta taso ta tsaya gabana. Ta tsufa, ban lura ba sai ranar. Ta kama hannun rigata.

"Compadre, ni zan bi gida-gida in faɗa. Har wurin Valdir. Amma tsofaffin nan ba su yanka komai ba, kuma ka san sanyin gidansu can bakin kogi. Da Dita tana nan, da ta ce ka wasa."

Gaskiya ne. Da ta ce haka. Da kuma ta karɓi biro daga wurin Dona Ivone ta rubuta layi biyun da kanta. Na dubi Dona Ivone. Biron yana maƙale a wuyan rigarta. Na jira. Ta harɗe hannuwa a ƙirji ta dubi taga.

Na naɗe almakashin a hankici, jan ƙyallen yana leƙowa, na sa a aljihun ƙirji.

"Compadre," in ji Zulmira. "Don Allah."

"A'a, comadre. Ba zan wasa shi ba."