Hoton Fasfon A'i

"A'a, wallahi ba a gidan nan ba," in ji Goggo, ta fizge farin yadin daga hannun Timoti mai hoto. "Ka shimfiɗa farin ƙyalle ka kwantar da jinjira a kai? Likkafani ka kawo mana?"

"Haba Goggo, ni na kafa dokar? Ofishin alhazai ne suka ce bayan hoto ya zama fari. Kunne biyu a waje, ido biyu a buɗe, tana kallon kyamara." Ya juya wajen maigidan. "Alhajin gobe, ka sa baki mana."

Jalo, maigidan, ya kawar da kai. Tun da aka ambaci ido hankalinsa ya koma kan 'yarsa.

Bana auduga ta yi albarka, ya samu kujerar Makka shi da matarsa Fanta. 'Yarsu A'i watanta biyar, tana kan nono, dole a manna hotonta a fasfon uwarta, kuma jibi za a rufe karɓar takardu. Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta hana a fita da ita zuwa shagon Timoti a unguwar Herwagana, domin ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Shi ya sa Timoti ya ɗauro kayansa a kan Vespa ya zo unguwarsu ta Shamaki.

Zazzaɓin ya sauka mako uku da suka wuce, kowa ya yi hamdala. Amma akwai abin da Jalo ya lura da shi bai gaya wa kowa ba. Da, in ya dawo daga kasuwa ya kaɗa mata agogonsa, takan bi shi da ido har ta kai hannu. Yanzu sai ya yi magana take juyowa. Ya ce wa kansa duhun ɗaki ne. Ya ce kwallin da Goggo ke rambaɗa mata ne. Daga baya ma ya daina gwadawa.

"To ga dabara," in ji Timoti. "Kana da farar riga? Saka ta, ka zauna, ka jingina ta a ƙirjinka. Rigar ce za ta zama bango. Ka ɓoye hannuwanka a ciki, ka ɗaga haɓarka sama kada gemunka ya shiga Makka sau biyu."

Goggo ta yi tsaki, amma ta yarda. Jalo ya sako babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a kan kujera a rumfar ƙofar ɗaki. Fanta ta goge wa yarinyar kwalli, ta tura layar wuyanta cikin riga, ta ɗora masa ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yana jin ɗumin ƙeyarta a ƙirjinsa, amma ba ya ganin fuskarta. Abin da yake iya gani shi ne kyamara, da Timoti, da Fanta a tsaye bayansa.

"Maman A'i, kaɗa mata wani abu daidai kaina, ta kallo nan."

Fanta ta kwance jan mayafinta ta kaɗa. Ta sake kaɗawa. Kan yarinyar bai motsa ba daga inda yake, yana karkace wajen turken akuya.

Sai Fanta ta yi ƙwaf-ƙwaf da harshe, a hankali, sau biyu. Nan take A'i ta juyo. Fanta ta ci gaba da kaɗa mayafin kamar shi ne ya yi aikin. Jalo ya ga yadda ta yi shi da sauri, ba tare da tunani ba, irin na wanda ya saba.

"Yawwa! Kada kowa ya motsa."

Fitilar kyamara ta walƙa. Goggo ta ja da baya tana a'uziyya. Jalo kansa sai da ya runtse ido, ya ga kore-kore. Ya jira jikin da ke hannunsa ya zabura. Bai zabura ba. A'i tana tsotsar leɓenta, ƙafarta ɗaya tana wasa a kan cinyarsa.

Timoti ya cire ƙwan fitilar da ya ƙone yana hura yatsunsa, ya sa wani, ya sake ɗauka. Ya sake na uku.

"Kai, wannan jaruma ce!" Yana dariya. "Shekarata tara ina wannan aiki. Yara kan ɓata mini ƙwai biyar, shida, ko kuka ko runtse ido. Wannan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Duka ukun za su fita."

"Jinin gidanmu ne," in ji Goggo. "Ba mu da tsoro." Ta shige kicin.

Fanta ta zo ɗaukar yarinyar. Jalo bai sake ta ba.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

Ta sunkuyar da kai. "Tun ranar da zazzaɓin ya sauka, Malam. Na ce ko in mun je can, na wanke mata da zamzam."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kai me ya hana ka?"

Timoti ya riga ya rataya jakarsa ya nufi zaure. Jalo ya miƙe da yarinyar a hannu ya bi shi.

"Timoti, kai da kake yawo. Ina ake samun likitan ido na gaske?"

Murmushin Timoti ya ɗauke. Ya dubi A'i, ya ɗaga hannu kamar zai gitta shi a gaban fuskarta, sai ya fasa.

"Kano," ya ce. "Akwai motar da ke tashi bayan asuba. Amma ba zuwan kwana ɗaya ba ne, akwai layi. Takardunku fa? Jibi za a rufe."

Jalo ya gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗarsa.

"Ka wanke hoton ka ajiye mana," ya ce. "Gobe da asuba sai Kano."