Haƙorin da Sakinatu Ta Ɓoye

Ranar da haƙorin Amatullah na sama ya fita, ana tsakiyar ɗibar auduga a Maska. Yarinyar ta shigo gida a guje, ta miƙa wa uwarta Sakinatu haƙorin, ta ce ta jefa mata a kan rufin ɗaki, don ita jifanta ba ya kaiwa. Haka ake yi wa duk yaron da ya yi famfara: a jefa tsohon sama, shi kuma ya riƙa rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, sai sabo ya fito.

Sakinatu ta zagaya bayan ɗaki. Har ta ɗaga hannu, sai ta dubi abin. Bai kai ƙwayar masara ba, fari tas. Ta tuna yadda yarinyar ta riƙa cizonta da shi lokacin tana shayarwa. Ta kasa jefawa. Ta ƙulle shi a bakin zane, daga baya ta sa shi cikin wani tsohon gwangwanin man zafi, ta ce wa yarinyar an jefa.

Aka gama auduga, rani ya wuce, ruwa ya sauka, giɓin yana nan. Na kusa da shi da ya faɗi daga baya har ya mayar da sabo. Surukar Sakinatu, Inna Ladidi, ta ce ba komai ba ne illa yarinyar ta cika wage baki tana dariya a tsakar gida inda ƙadangaru ke shan rana. Amatullah ta yarda laifinta ne. Ta daina dariya. In za ta yi magana sai ta kare baki da gefen hijabi, a Islamiyya ma ta daina ɗaga murya. Sakinatu tana gani, ta kuma tabbata ita ce ta tsare wa 'yarta haƙori. Faɗa kuma ya gagare ta.

Da mijinta Mudi zai kai barkono Funtua, ta roƙe shi ya goya su a babur zuwa wajen masu duba haƙori. Shi ya wuce kasuwa. Wadda ta karɓe su wata ma'aikaciya ce, Sista Bukola, haifaffiyar garin, Hausa raɗau a bakinta.

"'Yammata, wa ya ɓalle miki ƙofar gida?" in ji ta.

Amatullah ta sunkuyar da kai. Aka duba bakin, aka shiga da ita wani ɗaki don ɗaukar hoton ƙashi. Kafin a fito da ita, Sakinatu ta ciro gwangwanin, ta faɗa wa Sista komai a hankali, ba ta ko iya kallonta.

Sista ba ta yi mata dariya ba. Ta juya haƙorin a tafin hannu, ta tambaye ta ina saiwarsa. Sakinatu ta ce haka ya faɗo, ba saiwa.

"Da yana da ita, Maman Amatullah, doguwa ma. Sabon ne ya taso ta cikin ƙashi, ya yi ta narkar da ita har ta ƙare. Shi ya sa wannan ya faɗi."

Aka kawo hoton, aka ɗaga shi a haske. Ga giɓin, baƙi. A samansa kuwa, ga wani faffaɗan haƙori zaune a cikin dasashi, cikakke, ya nufo ƙasa. Gefensa ga wani, can sama kusa da hanci ga wani kuma a kishingiɗe, kowanne a ɗakinsa. Sista ta ce dasashin wurin ne ya yi kauri, a ba shi wata biyu, in bai huda ba za a ɗan buɗe masa hanya. Ta ce wannan ya fara haɗuwa tun yarinyar ba ta iya zama ba, na farkon kuwa tun tana ciki.

Sakinatu ta ƙura wa hoton ido. Shekara bakwai tana wanke fuskar nan, tana shafa mata mai, ba ta taɓa sanin akwai wani aiki da ake yi a bayan fatar ba, babu mai gani, babu mai sa hannu.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

Suka fito suka zauna kan benci suna jiran Mudi. Nan Sakinatu ta buɗe gwangwanin ta nuna wa yarinyar, ta ce ba ta jefa ba, kuma ba dariyarta ce ta jawo komai ba. Amatullah ta daɗe tana kallon haƙorin.

"Umma, ke ma kina ƙarya?"

"Na yi. Ki yafe mini."

Yarinyar ta sa yatsa a giɓin ta danna, ta ƙara dannawa. Sai ta kamo yatsan uwarta ta kai wurin. Sakinatu ta ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin naman.