Ƙibar Maharazu

A shekarar da fara ta cinye gero a ƙasar Dungas, kowa ramewa yake yi ban da Maharazu, mai tsaron rumbun tsimin da Kumandan, Baturen mulki, ya tilasta wa gari tarawa. Fuskarsa ta yi faɗi kamar faifai, tozo ya fito masa a bayan wuya, tumbi ya yi gaba. Ƙafafunsa kuwa sun koma sillen kara, amma wa ke duban ƙafa?

Tun bara likitan Magarya ya gaya masa ƙullutu ne ya tsiro a saman ƙodarsa, shi ke kumbura shi, kuma ba su da maganinsa. Da aka zarge shi da cin geron rumbun, Maharazu ya maimaita haka a ƙofar Maigari Inusa, sai aka kwashe da dariya.

"Ciwon da ke sa ƙiba ana tsakiyar yunwa? Allah ya ba mu irinsa," in ji Maigari.

Gardawan Kumandan, wato dogaransa, suka ɗaure shi a gindin rumbun. Bulalar farko ta tsaga fatarsa kamar tsohon tsumma, don ciwon ya riga ya cinye ta. Yana jin muryar ƙaninsa cikin masu cewa a ƙara masa. Sai da ya daina ihu aka ɗaga murfin rumbun aka leƙa. Gero na nan dam, ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba.

Maharazu, kuncinsa a ƙasa, yana jiran a kwance shi.

Maigari ya dubi rumbun, ya dubi kumatun nan, ya juya ga gardawa.

"Ashe yana da wani rumbun. Ku ci gaba, sai ya faɗi inda yake."