Rantsuwar Rediyo

Sau uku Direba yana zagaya harabar asibitin, har mai gadi ya fara yi masa kallon ɓarawon batir. A zagaye na huɗu ya samu wani lungu kusa da tankin ruwa, ya cusa tasinsa, ya kashe inji. Tun ƙarfe tara 'yarsa ta shiga, ga shi goma ta kusa.

"Malam, nan ba wurin jiran fasinja ba ne," in ji mai gadi.

"'Yata nake jira."

"Kowa haka yake cewa."

"To ni tawa ta gaske ce."

Mai gadi ya wuce yana ƙunƙuni. Direba ya ɗora hannayensa a kan sitiyari ya zuba musu ido, kamar yadda yake yi duk lokacin da ba kowa a motar. Ko gezau ba su yi ba. Shekararsa arba'in da shida, kuma har yau ko cokali bai taɓa suɓuce masa ba.

Ciwon na gidansu ne. Mahaifinsa yana da shekara hamsin abin ya fara masa: yatsu su riƙa motsi su kaɗai, sai kafaɗa, sai tafiya ta koma tangaɗi, har 'yan unguwa suka ce sha yake yi, bawan Allahn da ko taba bai sani ba. Daga baya harshe ya harɗe, haɗiya ta gagara. Shekara goma sha huɗu aka yi a haka kafin rai ya yi halinsa. Yayar Direba, wadda yara ke kira Gwaggo, ita ma ta bi sahu. Tana ɗakin baya a gidansa yanzu, an jingina katifa a bango don kada ta fasa gwiwar hannu. An ce iska ce, an ce sammu ne, an sha duk abin da aka ce a sha. Sai bara wata likita ta zaunar da su ta zana musu abin a takarda.

"Kowa yana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu," in ji ta, "ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Yawancin miyagun cututtukan gado sai duka biyun sun lalace suke tashi. Wannan kuwa ɗaya ta ishe shi. Wanda ya gaje ta zai yi ciwon, sai dai in wani ajalin ya riga zuwa. Kowane ɗa da aka haifa, rabi da rabi ne: ko ya ɗauka, ko ya tsira."

"To abin da ke kisa haka, me ya hana shi ƙarewa da masu shi?" Direba ya tambaya.

"Haƙuri gare shi. Yawanci ba ya taɓa mutum sai ya yi aure ya gama haihuwa."

Ta ce akwai gwajin jini, magani ne dai babu. Direba ya ce to a bar masa jininsa a jikinsa. Ya san kansa sarai. Ranar da aka ce masa yana ɗauke da shi, daga ranar kowace gargada zai ɗora wa hannunsa laifinta, kuma ba zai ƙara samun zuciyar ɗaukar 'ya'yan mutane a mota ba. Ga baki shida a gida. Ya gwammace ya zauna da rabinsa.

Ana nan sai babbar 'yarsa ta tayar da maganar. Shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a shagon tabarau, kuma tun tana ƙarama ake ce mata Rediyo, domin magana ba ta kwana a cikinta. In aka saya wa uwarta wani abu a ɓoye, kafin a buɗe leda ta faɗa. Ranar da ta ci jarrabawa, tun daga bakin layi aka ji. Wani malamin makaranta ne ya fito neman aurenta, ta ce ita fa ba za ta haifi ɗan kowa ba sai ta san abin da ke jininta.

Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. "Ciwon nan ba ya tsallake uba ya faɗa kan 'ya. In ba a same shi a jikinki ba, ke kin fita, babanki yana nan inda yake. In kuwa an samu, to daga wurinsa ya zo, ba sai an gwada shi ba."

Wato takardar sakamakonta tasa ce. Sati biyu suka yi shi da 'yar daga gaisuwa sai gaisuwa. Sannan Direba ya fito da wata dabara da shi a ganinsa ta kai dabara: ta je ta yi gwajinta, amma ta rantse ko me aka ce mata ba za ta faɗa masa ba, ba za ta faɗa wa uwarta ko ƙannenta ba. Ta rantse da Allah a gabansa, har sau uku.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, ya san 'yarsa. In labarin alheri ne, rantsuwa ko goma ce ba za ta kai bakin mota ba. Ya ɗaure ta ne yana jiran ta kwance da kanta, ya ɗan yi mata faɗa, a yi dariya a wuce. Iyakar lissafinsa ke nan. Ɗaya ɓangaren bai taɓa bari ya bi shi har ƙarshe ba.

Goma da minti ashirin ta fito. Tafiyarta ta kullum, jaka a kafaɗa. Ta buɗe gaba ta zauna, ta ja bel.

"Mu je, Baba."

Ya tayar da mota. A ransa ya ce kafin su fita ƙofar asibiti za ta fashe. Suka fita.

"An daɗe," in ji shi.

"Layi ne."

"Likitar tana lafiya?"

"Tana gaishe ka."

A ransa ya ba ta wa'adi zuwa shatale-tale. Suka zagaya shi. Ya ƙara mata zuwa gidan mai. Ba wai shiru ta yi ba. Ta ce tayar baya ta cinye, ya kamata a canza kafin ruwa ya sauka. Ta ce takalmin Auta ya matse shi. Ta ba shi labarin wani tsoho da ya zo shagonsu yana masifa wai tabarau ɗinsa ya ɓata, alhali yana bisa goshinsa. Direba ya yi dariya inda ya kamata. Amma maganar tata a jere take zuwa, ɗaya na bin ɗaya ba tuntuɓe, irin ta wanda ya yi bita.

Wata mata da kwando ta ɗaga hannu a bakin titi, ya wuce ta. A kan gada motoci suka cushe, ya samu kansa yana neman hanya a wurin 'yar cikinsa.

"Kin san ni ba mai riƙo ba ne. In mutum ya yi suɓul da baka, ai ba wani abu ba ne."

"Na rantse, Baba."

"Na sani. Cewa na yi in suɓul ne."

"Ba zan yi ba."

A hankali ta faɗa, idonta a kan bayan motar da ke gabansu. Daga nan bai sake tambaya ba, don babu sauran abin tambaya.

Tsoro ya kama shi, kuma gaskiya ita ce kansa ya fara ji wa. Ya tuna mukullin motar da wanda zai miƙa wa. Ya tuna ɗakin baya, ko zai ɗauki gadaje biyu. Ya ƙirga shekarun Auta, ya ƙirga nasa. Sai da suka sauka daga gadar, suka wuce layin masu gyaran firji, sannan ya tuna da wadda ke zaune a gefensa, kunya ta rufe shi. Ita kaɗai ta shiga ɗakin nan aka gaya mata. Ita kaɗai ta tsaya wani wuri, a banɗaki ko a bayan ƙofa, ta wanke fuska ta tsara labarin taya da takalmi. Anjima za ta zauna gaban uwarta ta ci abinci, gobe ta fuskanci malamin makaranta, jibi ta kai wa Gwaggo ruwa ta ga abin da ke jiranta. Duk da baki a rufe, saboda wayon ubanta.

Saura layi biyu su isa gida ya gangara gefen titi, gaban wani shagon ɗinki da ke kulle, ya kashe inji.

"Lafiya? Mai ne ya ƙare?"

"A'a."

Ya juyo ya dube ta.

"Rantsuwar nan, kaffararta a wuyana. Ba sai kin ce komai ba. Yi kukanki a nan kafin mu isa gida."

"Baba, ni ai ban ce..."

"Ba ki ce ba. Kin cika alƙawari. Allah ya yi miki albarka."

Ta ci gaba da kallon gabanta, leɓenta na ƙasa a cije. Can sai ta kwance bel ɗin, ta kifa goshinta a kafaɗarsa. Ya miƙa hannu ya ɗaga gilasai. Kukan ya fito da ƙarfi, ya bar ta ta yi abinta, tafinsa a bayan kanta.

Wani mutum da jakar hannu ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko za a je kasuwa. Direba ya girgiza kai, ya ce masa motar a cike take.