Hoton Baba Tsaya-Haka

"Ba haka ba, 'yata. Matse hannuwanki a jikinki. Kin riƙe ta kamar wadda aka ba ajiyar jaririn wasu."

Mai Ɗinki ta gyara riƙon kyamarar, ta runtse ido ɗaya, ta leƙa ta 'yar tagar da Baba ya nuna mata. A ciki ta hango su biyu a kan benci, ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar gidan hayarsu: Baba cikin farar rigar da yanzu ta yi masa yawa, da matarsa Inna, ta ƙame kamar za a yi mata allura. Bazara ce, bishiyar ta yi sabon toho, fure yana ta zubo musu a ka.

"Inna, ɗan yi murmushi mana."

"Shekara arba'in da ɗaya nake jiran wannan zama," in ji Inna. "Ki bar ni da fuskata."

Duk layin da Baba Tsaya-Haka suka san shi. Tun yana direban bas ya sayi kyamarar, da ya ajiye tuƙi kuwa sai ta zama abokiyar yawonsa. Ba sana'a ba ce, so ne kawai. Da itatuwa sun fara fure sai ka gan shi a bakin famfo ko wajen shanya, ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya haka!" ko da bokiti cike da ruwa a kanka. Ya ɗauki mai faci yana hamma, ya ɗauki mai gidan hayar yana bin kaza da gudu. Gwangwanin biskit shida ya cika da fuskokin mutane, amma babu tasa ko ɗaya. In an ce ya zauna a ɗauke shi, sai ya ce, "In na zauna, wa ya iya?" Hoton lasin tuƙinsa kuwa hatimi ya cinye rabi, sauran ya koɗe. Abin da ke cin ran Inna ke nan tun ranar da likita ya ja ta gefe, kada mutumin nan ya tafi bai bar mata fuskar da za ta riƙa kallo ba.

Mai Ɗinki ta tsayar da numfashi, ta daidaita fuskokin a tsakiya, ta danna. Ƙyas!

"Baba, in ƙara ɗaya, ko da wannan bai yi ba?"

"Ɗaya ya isa. Fim ba ruwan famfo ba ne." Ya karɓi abarsa, ya goge ta da bakin riga.

Daga ranar bai sake fitowa tsakar gida ba. Aka matsar masa da gado kusa da taga, kyamarar tana gefen matashinsa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata, don haka sau uku a kwanakin nan, in ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, takan ji wannan ƙyas ɗin, ta ce a ranta, tsoho bai daina ba. A kwana na goma da hantsi Inna ta tsaya a ƙofarta, da kofin shayi a hannu.

"'Yata, zo ki duba mini Babanki. Na kai masa shayi ya ƙi karɓa."

Bayan masu gaisuwar rasuwar Baba sun ɗauke ƙafa, Inna ta shigo da kyamarar a naɗe cikin tawul, ta ajiye a kan teburin yanka. "Fito mini da fim ɗin, a kai a wanko."

Mai Ɗinki ba ta ji wani ɗar ba. Ita da take kwance kekenta ta mayar ko da ido rufe, 'yar wannan aba ce za ta gagare ta? Ta yi abin da take yi kullum in aiki na son ido, irin zura zare a ƙaramar allura: ta nufi bakin taga, inda rana ta fi haske. Ta lalubo wani ɗan maɓalli, ta ja. Bayan kyamarar ya buɗe, ga fim a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, rana ta hau kansa. A nan ne ta tuna. Baba yakan juya wa rana baya, ya daɗe yana murɗa wani ɗan hannu, kirr, kirr, kafin ya buɗe. Ta mayar da murfin da sauri.

"Lafiya?" in ji Inna.

"Lafiya lau. Gara in kai ta gaba ɗaya, mai wankin ya cire da kansa."

Mai wankin hoto ya saurare ta, gilashinsa a kan hanci. "Kika buɗe? Ba ki naɗe ba?"

"Ban naɗe ba."

"A inuwa dai ko?"

"A bakin taga."

Ya cire gilashin, ya shafa fuska. "Dawo jibi. Amma ban yi miki alkawari ba."

Kwana biyun nan ba ta ɗinka abin kirki ba. Ta maƙala hannun riga a baibai, ta warware, ta sake yin baibai. Ta bango tana jin Inna tana buga ƙusa. Tsohuwar har ta nemo firam, ta wanke gilashinsa da sabulu, ta jingine shi yana bushewa. Sau biyu Mai Ɗinki ta je ƙofar don ta faɗa, sau biyu ta dawo da maganar a bakinta. Kewar tsohon tana damunta, ga kuma kunyar matarsa, wadda ta fi.

Ranar jibin mai wankin ya shimfiɗa mata hotunan a kan kantar shagonsa. Na farkon duk sun fito tas, ga bishiya, ga bakin famfo, ga Inna tana shanya.

"Uku na ƙarshe sun tafi, ba a ganin komai. Wannan kuma," ya turo mata ɗaya da yatsa, "haske ya shige shi. Iyakar abin da na iya ke nan."

Ta sami Inna a kan bencin tsakar gida. Ba ta zauna ba, durƙusawa ta yi.

"Inna, ni na ɓata shi. Na buɗe a rana, ban sani ba, kuma na ɓoye miki. Ki yafe mini."

Inna ta miƙo hannu ta karɓi hoton. Daga ƙirji zuwa sama hoton fari ne fat, babu fuskarsa, babu tata, babu bishiya. Daga ƙasa kuwa komai ya fito: ƙafafun benci, takalmansa, zanen Inna. A kan gwiwarta akwai hannu, siriri, jijiyoyi duk a waje, ya kama zanen ya ɗan tattara shi. Mai Ɗinki ba ta ga wannan hannu ba a ranar, hankalinta duk yana kan fuskoki.

Inna ta kai hoton kusa da ido, ta nesanta shi, ta sake kusantowa.

"Fuskar fa babu," ta ce a hankali. Sannan ta kafa ido a kan hannun. "Ashe da gaske ne. Na ji nauyinsa ranar, na ɗauka jiri ne ya kama shi yake neman madafa. Dubi yadda ya riƙe. Mutumin da ko a mota ba ya yarda mu zauna kujera ɗaya in da mutane."

"Inna..."

"Tashi, 'yata, ƙasa akwai sanyi."

Mai Ɗinki ta tashi ta zauna a ƙarshen bencin. Inna ta ɗora hoton a kan gwiwarta ta dama, ta ɗan matsar da shi sama kaɗan, ta gyara shi har ya zauna daidai wurin, sannan ta rufe shi da tafin hannunta.