Rakiya Har Bakin Titi

Ciwon mijina ba ya fitowa a fuska, abin da ya cuce mu ke nan. Da ƙafa ce ta karye, da kowa ya ga ɗauri ya kama bakinsa. To amma Malam Zubair, in ka same shi zaune a kan tabarma da farar jamfarsa, sai ka rantse lafiyarsa ƙalau, har ya ɗan yi kumatu saboda zaman gida.

Malamin lissafi ne a wata sakandare ta gwamnati nan cikin Mubi. Zazzaɓi ya kama shi a farkon daminar bara. Zazzaɓin ya tafi, gajiya ta zauna. Ba asibitin da ba mu je ba, an ɗebi jininsa har na fara tsoron zai ƙare, kowane gwaji ya fito babu komai. Sai a Yola wani likita ya zaunar da mu ya ce ciwo ne sananne, gajiya ce mai daɗewa wadda barci ba ya maganinta. Ya ce, "Hajiya, ki riƙe wannan. In ya yi abin da ya fi ƙarfinsa yau, ba yau zai ji a jikinsa ba. Gobe ne da jibi." Ni ba Hajiya ba ce, amma na riƙe maganar.

Makaranta ta ba shi hutun rashin lafiya, ya ƙare aka ƙara, ya sake ƙarewa aka sake ƙarawa. Hutu suke ce masa. Ni dai da nake cikin gidan ban ga hutu ba. Da safe in yara suna wucewa ta lungunmu da kayan makaranta suna hayaniya, sai ya juya fuskarsa bango. Babur ɗinsa na lulluɓe shi da tsohon zani don kada ya riƙa ganinsa. Da farko yakan tambayi wanda aka ba ajinsa, daga baya ya daina. Ranar da ya fara yin salla a zaune, yana sallamewa ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro, ni kuma na fita tsakar gida na yi nawa a bakin murhu.

A hankali ya koyi zama da abin. Ya san in ya yi wanka da safe, to ba zai iya doguwar hira ba sai yamma. Ya san in ya karanta shafi kaɗan sai ya rufe ido. Duk wannan ya karɓa. Abu ɗaya ne ya ƙi saki, shi ne rakiya.

Mahaifinsa, Baba Yaji, manomi ne a Vimtim, kuma a gidansa rakiyar baƙo ba wasa ba ce. Ya hori 'ya'yansa cewa ba a sallamar baƙo a bakin ƙofa, sai an taka masa har mayo, wato rafin garin, ya ƙetare. Malam ya taso da wannan a jininsa. Mu kuma gidanmu yana can ƙarshen lungu, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka kai titin da keke napep ke tsayawa. Duk wanda ya zo dubiya, Malam zai daure ya tashi zaune, a ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi, a yi hira, sannan ya zura takalmi ya raka shi har bakin titi. Ya dawo yana murmushi. Washegari ko kofin shayi ba ya iya riƙewa.

Masu dubiya ba sa ganin washegarin, ni kaɗai nake ganinsa. Abin da unguwa ke gani shi ne Malam Zubair a bakin titi yana ɗaga wa baƙo hannu. Akwai wani maƙwabcinmu, Kalibu mai facin taya, bakinsa ba ya ajiye magana. Ya taɓa tare ni ya ce, "Uwargida, ai jiya na ga Malam garau. Aikin gwamnati daɗi!" Allah ne kaɗai ya riƙe min harshe ran nan.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Malam, kai da kanka kake ba su sandar dukanka. Ka zauna mana! Wa zai kama ka?"

Ya ce, "Na'imatu, aiki ya kuɓuce min, jam'i ya kuɓuce min. In na bar baƙo ya fita daga gidana shi kaɗai, me ya rage?"

Maganar Kalibu da ire-irensa ba ita ke cinsa ba. Ta mahaifinsa ce. Baba ya zo sau ɗaya a farkon ciwon, ya ga ɗansa zaune yana hira, aka raka shi har titi, bai sake zuwa ba. Da kaka ta yi, ana cirar gyaɗa, wani ɗan'uwa ya kawo mana abin da tsohon ya faɗa a gona a gaban mutane. Wai gajiya ba ciwo ba ce, shi ma a gajiye yake kuma ga shi yana noma, bai san ya haifi rago ba sai yanzu. Ban san me ya sa mutumin nan ya ga ya dace ya kawo mana wannan tsaraba ba. Malam har raka shi ya yi. Bayan kwanaki yana kwance ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "In warke ko kada in warke, wannan na Allah ne. Amma Baba ya tsufa. Ina tsoron ya mutu yana ganin rago ya haifa."

Tun daga ranar na san ciwo biyu nake jinya, kuma na biyun ya fi cin rai.

Ana nan, ranar kasuwar shanu, sai ga Baba da hantsi. Ya kawo sa zai sayar, ya bar shi a hannun dillali ya biyo ta gidan. Ina jin sallamarsa gabana ya faɗi. Kafin in shimfiɗa tabarma Malam ya riga ya sa jamfa da hula, ya fito ya durƙusa. Na kawo ruwa da fura na gaida shi na koma bayan labule, don ni da surukina ba mu taɓa wuce gaisuwa ba.

Baba ya ce, "Ya jikin?"

Malam ya ce, "Da sauƙi, Baba. Alhamdu lillahi."

Na cije leɓe a bayan labule. Da sauƙi! Mutumin da shekaranjiya sai da na riƙe shi ya kai banɗaki. Suka yi hirar gona, masara ta yi kyau, dawa ta sha tsuntsu. Malam yana dariya inda ya kamata a yi dariya. Baba ya ce a gari zai kwana wajen wani amininsa, sai gobe in an gama cinikin san zai koma. Ya miƙe. Malam ya miƙe, ya ma ɗauki buhun da tsohon ya zo da shi ya saɓa a kafaɗa.

Na yi gyaran murya, ya yi kamar bai ji ba. Sai na zari hijabi, na ɗauki kwanon dambun da na ɗaure wa Baba, na bi su a baya.

Da muka kai bakin titi Malam ya sauke buhun a cikin keke. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Wanda ya ɗauki buhu har nan ba zai kasa ɗaukar alli ba. Ka koma aikinka. Ka daina ba ni kunya."

Malam ya ce, "To, Baba." Ya juya ya kama hanyar gida yana tafiya a miƙe, don ya san ana kallonsa.

Ni 'yar gidan tarbiyya ce, uwata ba ta koya min tsayawa gaban suruki in yi magana ba. Amma ran nan kunya ta fita daga idona. Na durƙusa a nan bakin titi, mai keke yana danna ham, Kalibu yana leƙe daga rumfarsa. Na ce, "Baba, ku gafarce ni. Ina roƙonku don Allah, gobe ku dawo. Kada ku aiko kowa, kada ku ɗaga murya da sallama. Ku shigo kawai."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya karɓi kwanon, keke ya ja.

Ban gaya wa Malam ba. Da na gaya masa, da ya sa na yi masa wanka na jingina shi da bango kamar lafiyayye.

Gari ya waye yadda na san zai waye. Asuba da ido ya yi ta, yana kwance. Na rufe taga da bargo saboda haske yana sukar idonsa, na hana kowa daka a tsakar gida. Jikinsa duk ciwo, fuskar nan ta yi fari fat. Na dama koko, na tallafo kansa, ya kurɓa kaɗan ya kau da kai. Hantsi ya yi, na fara cewa a raina tsohon ba zai zo ba, na zubar da mutuncina a banza. Sai na ji motsin sanda a zaure.

Baba ne, ya yi sallama can ƙasa-ƙasa. Na amsa, na ɗaga masa labulen ɗakin.

Ya tsaya a bakin ƙofa har idonsa ya saba da duhun. Malam ya buɗe ido ya gan shi. Wayyo, ba zan manta da wannan kallo ba. Ya yunƙura zai tashi ya gaida mahaifinsa, gwiwar hannunsa ta ƙi, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Ya ce, "Baba, ina... an zo..." Maganar ta tsinke, ya rasa sauranta. Mutumin da ke tsayawa gaban aji yana warware lissafi da ka, ya kasa haɗa gaisuwa.

Baba ya ajiye sandarsa ya zauna a ƙasa kusa da katifar. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kullum haka yake?"

Na ce, "Ba kullum ba, Baba. Duk ranar da ya yi rakiya, washegari haka yake kwana. Wani lokaci har kwanaki."

Ya ce, "To wannan, rakiyata ce ta jiya?"

Na so in sassauta masa, tsoho ne. Amma na gaji da sassautawa. Na ce, "Taku ce, Baba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin kokon da ya huce, ya sa ɗaya hannun ƙarƙashin wuyan ɗansa ya ɗaga, ya kai masa baki. Hannun nan duk kanta, bai saba da irin wannan aiki ba, koko yana zuba a gefen baki yana gogewa da hannun rigarsa. Can kasuwa tana ci, sansa yana hannun dillali, ko tambaya bai yi ba. A nan ya yi azahar. Bai ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa, ni ma ban sa rai ba.

Bayan an tashi daga makaranta sai ga sallama a waje. Malam Muktar ne, abokin aikin Malam, da wasu malamai sun biyo dubiya. Malam yana jin muryarsu ya fara laluben hularsa. Baba ya ɗora tafin hannu a ƙirjinsa ya mai da shi kwance.

Ya ce, "Kwanta." Ya dube ni ya ce, "Su shigo haka."

Suka shigo da raha a bakinsu, suna ganinsa raha ta mutu. Ba su taɓa ganinsa haka ba. Malam Muktar ya ce ya jiki, a hankali. Malam ya buɗe baki, na san abin da zai ce, amma Baba ya riga shi. Ya ce, "Yana jin jiki. Ku yi masa addu'a." Suka yi addu'a, ba su daɗe ba suka miƙe.

Na ga ƙafar Malam tana neman gefen katifa. Baba ma ya gani. Ya dafa bango ya tashi da ƙyar, ya ɗauki sandarsa, ya zura takalmansa na roba.

Malam Muktar ya ce, "Haba Baba, ku zauna. Mu da muke 'ya'yanku? Mun san hanya."

Baba ya ce, "A gidanmu baƙo ba ya fita shi kaɗai. Mu je."

Ya sa su a gaba, tsoho mai furfura yana raka sa'o'in ɗansa. A ƙofar gida suka ci karo da Kalibu ya dawo daga cin abinci. Na ji ya ce, "A'a, Baba da kanku? Ina Malam ɗin?"

Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin Baba ya kira Malam ɗansa ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta bari, "kai" yake ce masa, ko "wancan". Amma ran nan ya ɗaga murya yadda duk lungun zai ji, har cikin ɗakin da aka rufe da bargo.

Ya ce, "Ɗana ba shi da lafiya. Ni zan raka masa baƙinsa."

Na juyo na dubi Malam. Ya saki hular da ke hannunsa. Hawaye yana gangarowa ta gefen ido yana shiga kunnensa, bai goge ba. Muna jin ƙarar sandar Baba tana nisa a cikin lungu, shi kuma ya mai da ƙafarsa kan katifa ya kwanta.