Ɓeran da Ya Cinye Harafin S

Shekara talatin Karjo yana rubuta katin gayyatar aure da hannu a birnin Semarang, har ranar da ƙanensa Paijo ya sayi akwatin haruffan dalma na buga takardu wurin wani Bature ɗan Holan mai shirin komawa gida. Haruffan sirara ne, sun karkata dama kamar shinkafa ta sha iska, kowanne da 'yar jelarsa. Da su Paijo yake buga sunan ango da amarya, sauran bayani kuma da miƙaƙƙu. Kafin damina ta wuce, duk mai aurar da 'ya ya san hanyar shagonsa.

"Haruffa sai ka ce mashaya sun taso daga gidan giya," in ji Karjo a teburin mai kofi. Aka yi dariya, amma ba wanda ya dawo masa da aiki.

Abin bai kai masa wuya ba sai da 'yarsa Sumiyati ta tashi auren Sutarno, ta durƙusa gabansa ta ce, "Pak, ni dai irin katin ƙanenka nake so. Duk ƙawayena shi aka yi musu."

Washegari da azahar Karjo ya leƙa shagon Paijo wai gaisuwa. Da Paijo ya fita sayo musu miyar kaza, sai Karjo ya ja aljihun akwatin, ya kwashe manyan S guda huɗu da ke ciki, ya zuba a aljihunsa.

Kwana uku sai ga Paijo a kan keke da kati ɗari biyu, an bar gurbi a farkon sunan ango da na amarya.

"Mas, yayana, ɓera ya cinye mini S."

"Wane irin ɓera ke cin dalma?"

"Tsoho ne, ina jin har da furfura. Taimaka ka cike mana, biki ya matso."

Karjo ya ji kunya ta rufe shi, amma ya karɓa. Kwana biyu yana zaune, ya rubuta S ɗari huɗu, kowanne ya karkatar da shi daidai da maƙwabtansa, ya ja masa jela wadda dalma ba ta isa ta ja ba.

Ranar biki matar mai unguwa ta tare Paijo da katin a hannu. "Wannan S naka! Ai hannun ɗan Adam ba zai iya shi ba."

"Ranki ya daɗe, yayana ne ya rubuta."

Ta kwashe da dariya. "Kai dai akwai kara! Na ɗana ma haka za ka buga mini."

Karjo yana nan kusa, ya ji komai. Ya ture farantin shinkafarsa, ya ce gishiri ya yi yawa. Da safe ya ƙunshe haruffan huɗu a ganyen ayaba ya ba Sumiyati ta kai, ba saƙo. Ya fi wata biyu bai sake bi ta layin shagon ba.